Ɗan da Iya Risi Ta Tura Bakin Teku

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan kifi a kasuwar Azare ya san rumfar Iya Risi. Tun kafin ka hango ta, ƙamshin busasshen kifin teku da jatan lande zai tare ka. Matan aure daga Shira da Bulkachuwa sukan aiko a sayo musu na miya a wurinta, masu abincin sayarwa na tasha kuwa ba sa zuwa ko'ina sai can. Sunanta na yanka Risikat. Ta zo Azare tana amarya, ta biyo mijinta mai gyaran keken ɗinki. Da ya rasu aka binne shi a nan, ita kuma ta ce ba inda za ta. 'Ya'yanta mata sun yi aure sun bar garin. In ka ji Hausa a bakinta, sai an gaya maka sannan ka san ba a nan aka haife ta ba.

Kayan rumfar duk daga garinsu suke zuwa, Ebute, wani ƙauyen masunta a bakin teku gabas da Legas. Yayanta, Baba Temitope, shi ne babba a cikin masuntan garin. Matan gidansa su yi banda, su ɗinke kwanduna, a ɗora a motocin da suka kai shanu kudu suna dawowa ba kaya.

A unguwar Matsango take zaune, a gidan Malam Babagana. Shi mutumin Baga ne, tsohon masunci, ya baro can tun lokacin da tafki ya fara janyewa, ya zo Azare yana sayar da raga da ƙugiya ga masu su a kogin Jama'are. Matarsa Meram ta rasu ɗansu Sherif bai daɗe da fara tafiya ba. Ba wanda ya zaunar da Iya Risi ya ce ta riƙe yaron. Kawai dai wata rana ta ji kukansa ya yi yawa, ta fito ta ɗauke shi ta goya, ta tafi da shi kasuwa. Tun daga nan a kwanonta yake ci. Ya tashi yana jin Yarabanci kamar yadda yake jin Barbarci, kuma ko da ya yi gemu bai daina ce mata Iya ba.

Da ya je jami'a, ilimin kifi da halittun ruwa ya karanta. Mutanen layi suka yi ta dariya, wai ɗan masunci, goyon mai kifi, me kuma zai karanta? Ya gama da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna. Shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa. Kullum yana kan benci a ƙofar gida yana latsa waya, ko ya je rumfar babansa ya taya shi auna igiya.

Wata ranar kasuwa da hantsi Baba Temitope ya kira ta. Ba al'adarsa ba ce ya kira a irin wannan lokaci, don haka ta bar wa Jumai, maƙwabciyarta mai daddawa da kuka, ta kula mata da rumfa, ta koma gefe.

Da Yarabanci ya yi mata bayani. Wani kamfani ya samu izinin neman mai a cikin teku, daidai saitin Ebute. Inda suke son kafa injin haƙar kuwa, wani tudu ne a ƙarƙashin ruwa wanda masuntan ke kira da sunan da in an juya shi da Hausa zai zama Ɗakin Jego. A can kifi ke zuba ƙwai da damina. Tun zamanin kakanni ba a jefa raga a wurin in ruwa ya sauka, kuma duk kifin da ake kamawa a gaɓar nan, daga can yake fitowa. Kamfanin ya ce wurin yashi ne kawai, ba komai a ciki. Hukuma ta ce za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, amma sai masuntan sun kawo hujja irin wadda 'yan boko ke ganewa.

"Mutane sun zo mana da yawa," in ji shi. "Wasu da kyamara, wasu da riguna masu rubutu. Su ci kifinmu su tafi, ba mu ƙara ganinsu. Yanzu dattawa sun ce ba za su ƙara ɗaukar baƙo a jirgi ba. Amma mu ba mu iya irin wannan magana ba, Risi."

Ba ta ko tsaya tunani ba. "Yaya, ina da ɗa," ta ce. "Abin da ya karanta ke nan."

"Yaron Bahaushen nan?"

"Ba Bahaushe ba ne, Babarbare ne. Kuma ba wannan na ce maka ba. Na ce maka ɗana ne. A bayana ya girma."

Ya ce, "In ke kika tsaya masa, ki turo shi."

Da la'asar ta tara su a tsakar gida, uban da ɗan. Sherif ya miƙe tsaye tun kafin ta gama magana. Ya ce irin aikin da yake mafarki ke nan, wuraren haihuwar kifi irin wannan ba su da yawa a duk gaɓar ƙasar nan, kuma in har aka bari aka fara harba iska a cikin ruwa don neman mai, ƙarar kaɗai ta isa ta kori komai. Malam Babagana ya ce Allah Ya sa albarka, ya kuma ja masa kunne da ya riƙe mutuncin mutane. Iya Risi ta soya masa nama, ta ƙulla masa garin rogo da ƙuli-ƙuli, ta aika wa yayanta hula da turaren wuta. Ita ta raka shi tasha da kanta, ba ta bar wurin ba sai da motar ta tashi.

Watannin farko kusan kullum sai ya kira ta. Takan sa wayar a amsa-kuwwa don Jumai ta ji.

"Iya, yau na ga ayu! A bakin kogi, inda yake shiga teku. Uwa da ɗanta."

"Ayu na gaske?" in ji Jumai. "Wanda ake sayar da mansa?"

"Nan ba a taɓa shi, Anti Jumai. Baba Temitope ya ce wanda ya kashe shi sai ya bar garin."

Wata rana ya ba su labarin kunkurun teku, masu girma kamar an kife babban daro, yadda suke fitowa kan yashi su haƙa rami su zuba ƙwai su koma. Ya ce yaran garin ke gadin ramukan saboda karnuka. Da damina ta kankama kuma, ya kira cike da murna. Dattawan sun yarda, sun kai shi Ɗakin Jego. Ya ce da suka kashe injin jirgi, ruwan ƙarƙashinsu baƙi ƙirin yake saboda kifi, har kana jin motsinsu a jikin katako.

"Iya, wallahi in aka taɓa wurin nan an yi zalunci."

Baba Temitope ma ya kira ya ce yaron yana da ladabi, yana jan raga tare da kowa, har an sa masa suna na can. Ranar Iya Risi ta yi wa masu sayayya gyara fiye da kullum.

Bayan damina kiran ya fara raguwa. In ta kira shi sai ya ce yana Legas, yana ɗakin gwaje-gwaje, yana haɗa rahoto. Ba ta kawo komai a ranta ba. Aikin boko ne, ta san yana cin lokaci. Kowace safiya in ta fito za ta kasuwa takan tarar da Malam Babagana a kan dakali, su gaisa, ta ce, "Ɗanka ya yi wuyar samu," shi kuma ya ce, "Aiki ne ya yi masa yawa."

Ranar zaman jin ra'ayin, ta yi azumin nafila. Ta buɗe rumfa amma hankalinta na kan waya. Har azahar shiru. Ana fitowa daga salla sai ga kira, amma ba lambar yayanta ba ce, ta ɗansa ce, Temitope, wanda ake kiran uban da sunansa.

Bai gaishe ta ba. Ya ce, "Anti, mutuminki ya gama da mu."

Ta ce ya yi magana a hankali, ba ta gane ba.

Ya ba ta labarin tun daga farko. Sun cika motoci sun tafi sakatariya, maza da mata, har da tsofaffin da ba sa iya tsayuwa. Sun ajiye wa Sherif kujera kusa da Baba. Sai ga shi ya shigo ta ɗaya ƙofar, cikin kwat, da katin kamfanin rataye a wuyansa, ya zauna a teburinsu. Da aka kira shi, aka gabatar da shi a matsayin masanin da ya zauna da mutanen Ebute ya san ruwansu ciki da waje. Ya tashi ya ce ya auna tudun, kifin da ke wurin bai taka kara ya karya ba, kuma dama can yana raguwa. Sannan ya sa aka haska hoto a bango: mataccen kunkurun teku nannaɗe cikin raga, Baba Temitope na tsugune a kansa, fuskarsa ta fito sarai. Ya ce babban haɗarin da halittun wurin ke fuskanta ba daga haƙar mai yake ba, daga ragar masunta yake.

"Baba ya tashi zai yi magana, bakinsa ya ƙi buɗuwa," in ji Temitope. "Da aka tashi, jami'an kula da namun daji suka tafi da shi, wai zai amsa tambayoyi. Yanzu muke bin su."

"Hoton fa? A ina ya samu?"

"Anti, Baba ne ya ce ya ɗauka. Kunkurun ya faɗa raga ne ba da sanin kowa ba. Baba ya faɗa ruwa da wuƙa ya yanka sabuwar ragarsa don ya cece shi, amma ya riga ya mutu. Shi ya kira Sherif ya ce, ɗauki wannan, ka nuna wa malamanka, ko za su koya mana irin saƙar da ba ta kama su. Da hannunsa ya binne shi."

Iya Risi ta zauna a kan buhun jatan lande. Jumai ta yi ta tambayarta ko rasuwa aka yi. Ita kuwa sai ta kira lambar Sherif, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake kira, aka kashe wayar.

Ta bar rumfar a buɗe ta hau Keke Napep zuwa Matsango. Malam Babagana na zaune a zaure yana ƙulla dalma a bakin wata raga.

"Malam, ka ji abin da ɗanka ya yi?"

Bai ɗago ba, bai kuma tambaye ta me ya yi ba. A nan ta gane.

"Ka sani," ta ce.

Ya ajiye ragar. "Zauna, Iya Risi."

"Ba zan zauna ba. Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen damina ya gaya mini mutanen kamfanin sun yi masa tayin aiki. Ya ce yana tsoron abin da za ki ce. Ni na ce masa ya karɓa."

"Kai ka ce masa."

"Ni na ce masa." Ya shafa gemunsa. "Iya Risi, ni na ga ruwa ya tafi. Inda kakana ya yi su, inda ni ma na jefa raga ina saurayi, da idona na ga ana shuka wake a wurin. Ba kamfanin da ya zo. Mun yi kuka, mun yi addu'a, bai dawo ba. Na baro gari da mata da tabarma. Don mutum yana son ruwa, ba shi ke sa ruwan ya zauna ba. Yaron nan kin ga yadda ya zauna a ƙofar gidan nan, sa'o'insa na aure suna haihuwa, shi ko kuɗin aski sai na ba shi. Ga ƙofa ta buɗe, in ce masa ya rufe saboda kifi?"

"Ba saboda kifi ba. Saboda mutanen da suka ba shi ɗaki."

"Na ɗauka zai yi aikinsa ne kawai. Ban san zai..."

"Tafkinka Allah ne Ya ɗauke, Malam. Namu mutum ne zai kashe, kuma ni na raka shi tasha." Ta ƙara da cewa, "Duk safiya ina wucewa ta nan. Duk safiya kana ce mini aiki ne ya yi masa yawa."

Ta wuce ɗakinta. Da aka kira magariba ta sha ruwa kawai, abinci ya ƙi shiga.

An saki Baba Temitope bayan kwanaki, da dattawan garin suka tsaya masa. Ta kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba. Daga baya matarsa ta ɗauka, ta ce a hankali, "Ki bar shi tukuna. Mutane na cewa ke kika turo mana shi, wai kin daɗe a arewa kin zama tasu. Wasu har cewa suke da ke aka raba kuɗin." Iya Risi ta ce ta rantse da Allah ba ta san komai ba. Matar ta ce, "Ni na sani. Amma kar ki zo yanzu."

Kwandunan da take jira ba su zo ba. Direban da ya saba kawowa ya ce ya je Ebute, an ce masa babu kayan Azare. Ta sayar da ragowar abin da ke rumfa, har ƙurar jatan landen da ke gindin buhu. Daga nan ta je wurin Obinna mai ɗakin sanyi ta fara karɓar kifin ƙanƙara a kwali. Ba ta iya saransa ba da farko, adda takan zame ta yanke ta. Hannayenta suka yi ta tsagewa saboda sanyi.

Da Babbar Salla Sherif ya zo gida. Motar kamfani ce ta kawo shi, da direba. Yaran unguwa suka kewaye ta, maƙwabta suka yi ta shigowa yi wa Malam Babagana murna. Iya Risi tana ɗakinta ta saki labule. Sai washegari da hantsi, gidan ya yi shiru, ta ji sallamarsa a bakin ƙofa.

Ta amsa, don sallama ce. Ya shigo ya tsuguna kamar yadda ya saba, ya ajiye leda a gabanta. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau.

"Iya, barka da salla."

"Barka kadai."

"Leshi ne na kawo miki."

Ba ta dubi ledar ba. Ya fara magana da sauri, kamar abin da ya haddace a hanya.

"Iya, na san kina fushi. Amma ki saurare ni. Izinin nan an riga an ba su tun kafin in san hanyar Ebute. Zaman da aka yi cika ƙa'ida ne kawai. Ko na tsaya a gefen su Baba, ko ban tsaya ba, haƙar nan sai an yi. In ba ni ba, wani za su ɗauko wanda bai damu da komai ba. Ni aƙalla na sa an rubuta cewa za a kare gaɓar da kunkuru ke zuba ƙwai. Kuma ban yi ƙarya ba. Duk abin da na faɗa, na auna shi."

"Yaushe ka auna?"

"Na'am?"

"Ka ce musu ba kifi a Ɗakin Jego. Yaushe ka auna?"

Ya sunkuyar da kai. "Awon rani na karanta."

"Na damina fa? Ranar da ka kira ni ka ce ruwan baƙi ne?"

"Ba su nemi wannan ba."

"Ba su nema ba." Ta gyaɗa kai. "Wa ya ce ka ɗauki hoton kunkurun?"

Ya kawar da kai gefe.

"Sherif, da kai nake."

"Baba ne."

"Ka gaya musu ya yanka ragarsa? Ka gaya musu shi ya binne shi?"

"Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, Iya. Kuma ba ni na zaɓi hoton ba, sun gan shi ne a kwamfutata, suka ce..."

"Ina fuskarsa take a hoton? An ce ta fito sarai. Mutumin da ya tashi 'ya'yansa daga ɗaki ya ba ka. Ka tsaya a gaban garinsa, a gaban jikokinsa, ka nuna shi a bango."

Idanunsa suka kawo ruwa. "Iya, na gaji ne. Kin san yadda na zauna a gidan nan. Na rubuta neman aiki har na daina ƙirgawa. Mutanen nan suka kira ni ofis, suka ba ni kujera, suka ce mini Dakta. Na ce zan shiga in gyara daga ciki."

"Da ka zo ka ce mini, Iya, na gaji, zan bi su, da na yi kuka na ce Allah Ya kiyaye hanya. Da na kira yayana na ce ku nemi wani. Amma ka bar su suka ajiye maka kujera." Ta numfasa. "Ranar da na ce musu ɗana ne, yayana ya tambaye ni ƙabilarka, na rufe masa baki. Yanzu duk garin ita suke tambaya, kuma ba ni da bakin amsawa. Ba kifi kaɗai ka kashe mini ba. Ina da gari guda da zan koma in tsufa ya kama ni. Yanzu an ce kar in zo."

"Zan je in ba Baba haƙuri."

"Kar ka je. Ba zan iya tsaya maka karo na biyu ba, kuma samarin garin ba za su tsaya jin bayani ba." Ta tura ledar da ƙafa zuwa gabansa. "Ɗauki kayanka."

"Iya..."

"Sunana Risikat. Ka tashi, ina da wanki."

Ya tashi da ledar a hannu. Ya fita.

Kafin watan ya ƙare ta kwashe kayanta daga gidan. Ta kama ɗaki a bayan kasuwa, kusa da ɗakin sanyin Obinna. Malam Babagana ya aiko limamin unguwa da wasu dattawa su ba ta baki. Ta karɓe su da mutunci, ta ba su ruwa, ta ce ita ba ta riƙe kowa da gaba ba, nisa ne ya yi mata yawa zuwa kasuwa. Suka san ba haka ba ne, suka tafi.

Labarin Ebute ta bakin Temitope take ji, shi kaɗai bai daina kiranta ba. Jirgin kamfanin ya zo ya yi ta kai da kawo yana harba iska cikin ruwa, ƙarar kamar igwa, har a cikin jirgin katako ana jin ta a tafin ƙafa. Ayun da ke bakin kogi ba a ƙara ganinsu ba. Bayan haka aka kafa injin a kan tudun, aka kewaye shi da jiragen tsaro, aka ce kar kwalekwale ya matso. Masuntan sun kai ƙara kotu da taimakon wani lauya, ana ta ɗagawa. Gaɓar kunkurun kuwa an kare ta kamar yadda Sherif ya ce. An ja mata shingen waya, an kafa allo mai sunan kamfanin da hoton kunkuru yana murmushi, an sa masu gadi. Tunda an ce ragar masunta ce haɗarin, su aka hana shiga. Nan ne kuma inda suke jawo jiragensu tun asali. Daminar da ta biyo baya, kifin da aka kama bai isa ci a gida ba, balle banda.

A cikin wannan shekarar aka sa ranar auren Sherif da wata yarinya 'yar Gololo. Malam Babagana ya zo kasuwa da kansa. Ya rame, yana dogara sanda. Ya tsaya a gaban teburinta tana saran kifi, ƙanƙara na fallatsa.

"Iya Risi, yaron nan ba shi da uwa sai ke. Dangin yarinyar sun tambayi wa zai karɓi amarya."

"Allah Ya sanya alheri, Malam. Allah Ya ba su zaman lafiya."

"Ba za ki zo ba?"

"Ranar kasuwa ce."

Ya ce, "Ni na yi kuskure. Shi yaro ne."

"Na ji," ta ce. Ta juya ga wata mata da ke jira da kwano. Da ta sake ɗagowa ya tafi. Jumai ta ce, "Kai, Iya, zuciyarki ba ta karaya ba?" Ta ce ta karaya mana, tun tuni, sannan ta roƙe ta ta miƙo mata tsumma, don yatsanta ya sake fashewa.

Ba ta je bikin ba. An ce an yi taro sosai, manyan kamfanin ma sun aiko wakili.

Ruwan sama ya fara ja da baya, wata safiya tana jera kwalaye, wayarta ta yi ƙara. Da ta ga lambar sai ta goge hannunta a zani har sau biyu kafin ta ɗauka.

"Yaya."

"Risi." Muryarsa ta tsufa. Bai tambayi lafiyarta ba, bai kuma yi maganar abin da ya wuce ba. Ya ce sun yanke shawara, shi da gidaje da yawa. Za su ɗaure jiragensu su bi gaɓa zuwa gabas, can wajen iyakar Kamaru, inda aka ce har yanzu ana samun kifi. Temitope zai tsaya saboda shari'ar. Ya ga bai kamata ta ji a bakin wani ba.

"Gidan fa?"

"Za mu rufe."

"Kabarin su Mama fa, Yaya? Wa zai riƙa share shi?"

"Yana cikin shingen," ya ce. "Sai an nemi izini wurin mai gadi. Wani lokaci ya bari, wani lokaci ya ce oga ba ya nan."

Ta dafa teburin. Ruwan ƙanƙara na ɗiga a kan ƙafarta ba ta ji ba.

"Yaya, ina so in zo."



"In za ki zo, ki zo kafin ƙarshen wata," ya ce. "Ki zo ke kaɗai."

Ta ce to. Da ya kashe wayar, ta mayar da kwalayen da ba ta buɗe ba wurin Obinna, ta bar wa Jumai makullin rumfa, ta nufi tasha ta tambayo ranar da motar Legas ke tashi.